Fayil Ɗaya Tak

"Cewa na yi ka juya shi yadda kwamfutar 'yata za ta karanta, ban ce ka buɗe ba," na daka wa mai gyaran tsawa.

"Alhaji, ai sai an kwance ƙunshin kafin a sake ɗaure shi," ya ce, yana kurɓar shayi. Tsohuwar na'urarsa tana ta gurnani da faifan ƙanena, wanda matarsa ta aiko min bayan sadakar arba'in.

Na san faifan. A kansa na ajiye aikina na kammala jami'a a Bagadaza, lokacin yaƙi da Iran. Ana gobe miƙawa na tarar da fayil ɗaya tak, mai baƙon suna, ya ƙi buɗuwa. Wato ƙanen nan nawa ya share gumina na wata takwas. Yana buɗe baki na zubar masa da haƙori, na wurga kwamfutarmu ta taga. Na faɗi jarrabawa, aka kwashe ni soja. Ƙafata ta hagu tana can Basra. Wasiƙun da ƙanena ya yi ta aiko min kuwa duk murhu ya cinye.

Mai gyaran ya juyo min da allon. Aikina ne, babi bayan babi, ko harafi bai ɓace ba.

"Faifan ne ya cika, aka matse don a samu wuri. Layi ɗaya za ka buga ya warware. Wanda ya matse bai gaya maka ba?"

"Ya fara," na ce.