Katangar Mai Daddawa

Zauna mana, Haladu, ka sha ruwa tukuna. Tun da ka shigo kake huci: jirgin ƙasa ya hana ka sakat, sabon gida ya zame maka ƙaya, gobe za ka ƙara wa katanga tsawo. To, kafin ka kira magini, bari in ba ka wani misali. In ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani tela da ya samu fili a sabuwar unguwa, irin taku ɗin nan, layin dogo na bin bayan gidajen. Ya gina ɗan gidansa tsaf, matarsa ta dawo daga wankan jego da jaririya jawur, tela baki har kunne. Amma fa jirgi bai san jego ba. Da ya taho da ƙuginsa sai kwanon rufi ya ɗauki rawa, jaririya ta zabura ta dunƙule hannu, ta tsala ihu har ta shiɗe. Ba barcin kirki, ba shan nonon kirki. Yarinya ta fara ramewa, uwar ma duk ta zabge. Surukarsa ta zo duba jika, jirgi ya wuce, ta ga komai da idonta. Ba ta ko dubi inda yake ba, ka san kunyar surukai. 'Yarta ta gaya wa, amma da muryar da zai ji daga tsakar gida: in ta dawo ta tarar da haka, za ta kwashe 'yarta da jikarta, shi ya zauna da jirginsa. Allah sarki tela! Yana son matar nan, yarinyar kuwa ransa ce. Ya bi kowace kafa ta taga ya cusa ƙyallaye. Ya ɗinka labule mai kaurin bargo. Ya ƙara wa katangar baya tsawo, ya sake ƙarawa, har maƙwabta na tsokanarsa wai kurkuku yake ginawa. Duk da haka, jirgi na zuwa sai ka ce ta tsakar gidansa ya ratsa. Mutumina bai daddara ba, ya sake sauke bulo da siminti a ƙofar gida zai yi ƙari na uku, kuma su ne iyakar ƙarfinsa.

To, a jikin gidansa akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ita ba ta da katangar baya, zana ce kawai, ita ma gara ta cinye rabinta. Ran da aka sauke bulon nan, akuyarta ɗaya ta bi ta ɓular zanar ta hau layin dogo, jirgi ya bi ta kanta. Tela ya leƙa yi mata jaje, ya same ta zaune riƙe da igiya, ragowar akuya ɗayar tana ta kuka tana jan turke, ita ma can take son zuwa. Ya dubi tsohuwa, ya juya ya dubi bulonsa. Wallahi ransa bai so ba, kada ka ce waliyyi ne. Ya yi tsaki, ya je ya dawo, sannan ya ce, "Inna, gobe a cire zanar nan." Magini ya ja mata katanga daga jikin tasa har ta haɗe da ta maƙwabcin gaba, bulo ya ƙare ƙaf. Tsohuwa tana ta sa albarka, shi kuwa a ganinsa ya ba da matarsa da 'yarsa ne saboda akuya. Magini na kwashe kayan aikinsa sai ga suruka ta iso, har da ƙatuwar jakar da za a zuba kayan jaririya. Ta zauna ta ɗora jika a cinya. Can sai ga jirgin la'asar. Tela ya runtse ido yana jiran ihu. Ƙugin ya zo dai, amma can ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a wata unguwa. Yarinya ta ɗan motsa baki ta ci gaba da barcinta. Ashe ƙara kamar ruwa take, ba ruwanta da tsawon katangarka muddin akwai kafa a gefe. Duk tsawon lokacin nan ta gidan tsohuwa take shigowa, ta bugi bangon ɗakinta, ta faɗo masa ta taga. Suruka ta kwana biyu ta ci tuwo, ta koma da jakarta babu komai a ciki sai daddawar da tsohuwa ta ba ta tsaraba.

Saboda haka, ɗana, katangarka ta isa haka. Tashi ka zagaya bayan layinku ka ga gidan wa ke buɗe, ka yi masa sallama. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.