Inda Iyaka Ta Yi Kwana

Turken iyakar bai wuce tsayin gwiwa ba. Na siminti ne, ya ɗan karkace, lambar da ke jikinsa kuma katanga take kallo maimakon hanya. Amma Malam Ahmadu, tsohon hedimasta, ya tsaya a kansa da hantsin nan yana gyara babbar riga kamar shi ya haife shi.

Baƙuwarsa, Dakta Nana Hadiza, malamar tarihi ce a jami'ar Dutsin-Ma. Tana haɗa littafi a kan tsofaffin iyakokin gundumomin yankin, shi kuma ya kai mata babi guda da ya shekara shida yana rubutawa a kan ƙauyensu, Unguwar Hudu. Babu abin da yake so a duniya kamar ya ga babin nan cikin littafi, da sunan kakansa a sama.

Ga abin da babin ya ƙunsa. Iyakar da Baturen safiyo ya ja tsakanin ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi miƙe take sambal a wannan yanki, turke bayan turke, daga tsamiyar mahauta zuwa tsohuwar rijiya har gangaren rafi. A nan kaɗai ta yi kwana, ta zagaye gida ɗaya ta sako shi cikin ƙasar Dutsin-Ma, sannan ta koma hanyarta. Gidan Malam Hudu ne, kakan Ahmadu na wajen uba, mai makarantar allo. Da aka zo zana taswira daga baya turakan aka bi, ga kwanar nan har yau a takarda.

Mutanen Rawayau, can ɓangaren Kurfi, suna cewa dokin Baturen ne ya ga maciji ya kauce. Malam Ahmadu bai da lokacin irin wannan magana. Shi dai ya tabbata kwarjinin kakansa ne ya cika wa Baturen ido, ya tuɓe hula, ya ja layinsa ta bayan gida.

Ya ɗauki Dakta ya zaga da ita ko'ina. Ya nuna mata bangon barikin da Turawa ke sauka, wanda awaki suka gaje. Ya ba ta labarin gabar da aka yi a da tsakanin ɓangarorin biyu a kan rijiya, wadda ta kai har kakansa na wajen uwa ya rantse a bainar jama'a ba zai taɓa ba ɗan ƙasar Kurfi 'yarsa ba.

"Allah ya taimake ni gidan mahaifina yana ƙasar Dutsin-Ma," in ji shi yana dariya. "Da ba ki same ni ba yau."

Dakta ta yi dariya ita ma, sannan ta faɗi abin da ya tsinka masa zuciya. Babin ya yi kyau, amma duk abin da ke ciki ji aka yi daga wanda ya ji. In babu mutum ɗaya da ya gani da idonsa, ba za ta iya sa shi ba.

Ya lissafa tsofaffin garin, duk ƙasa ta rufe su. Saura mutum ɗaya: mahaifiyarsa, Inna Yahanasu, mai shekara tamanin da takwas. Abin da ya sa bai taɓa tambayarta ba, duk ranar da ya ɗauko zancen turken sai ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, ta ce tari ne ya sarƙe ta. Ya ɗauka tsufa ne kawai.

Suka same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ƙafafu a miƙe, babban yatsan ƙafarta ta dama a lanƙwashe yadda ya san shi tun yana yaro. Wani abu mai nauyi ne ya faɗo mata tana budurwa, iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan. Aka gaisa, Dakta ta kunna rikoda, Malam Ahmadu ya durƙusa.

"Inna, shaida ake so. Ki faɗa wa Dakta yadda Bature ya girmama Malam Hudu."

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Hedimasta, shaida ka ce?"

"Shaida, Inna."

Ta daɗe tana kallon rikodar. Tarin nan ya taso mata, wannan karon ba ta rufe baki ba, sai ga shi dariya ce zalla, har da hawaye.

"Shekara saba'in da biyu kunya ta hana ni magana," ta ce wa Dakta. "Amma ɗiyata, ƙafata ɗaya na kabari, ba ni yin shaidar zur don littahi. Na ga Baturen. Bai tuɓe hula ba, bai ma san da Malam Hudu ba. Ƙofar gida ya kafa turkensa, gidan ya faɗa Kurfi, ya hau dokinsa bai sake dawowa ba. Ga Baba ya riga ya rantse, ga ɗan gidan na zuwa zance wurina."

Malam Ahmadu ya ce, "To Inna, wa ya kai shi bayan gida?"

Ta ɗaga ƙafarta ta dama ta juya masa lanƙwasasshen yatsan.

"Ranar kasuwa ce, maza duk sun tahi. Ni da ƙawayena uku muka tone shi muka gangara shi bayan gidan, in kuma ka ga ya karkace ka yi haƙuri, sauri muke."