Katangar da Ke Tsakani

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Matar wanzami ta farka tana zaton katangar ɗakinsu ce ta fara tari. Da ta haska, sai ga maigidanta a tsugune da guduma da ƙatuwar ƙusa.

"Malam, lafiya?"

"Rage murya. Tsaga nake yi wa katangar."

Duk shekara kafin damina, ƙungiyar masu zanen gine-gine takan zagaya unguwa, ta zaɓi gidan da ya fi haɗari, ta gyara shi kyauta. Bara gidan tela ta zaɓa, maƙwabcinsu da suka haɗa katanga. Tun daga nan wanzami bai ƙara jin daɗin tuwo ba.

"Har da tagar gilashi!" ya ce. "Mutumin da ko wando bai iya yankawa daidai ba."

Ita ma tagar nan ta daɗe tana tsaya mata a rai, sai ta riƙe masa fitila.

Ranar zagaye, shugabar ƙungiyar ta zura yatsa cikin tsagar, ta ƙwanƙwasa katangar, sannan ta shiga gidan tela. Ta jima ba ta fito ba.

"Baba, ɓangarenka yaɓe kawai yake so," ta ce wa wanzami bayan ta dawo. "Amma katangar nan ita ke ɗauke da rufin tela, ga shi ya fara karkacewa. Dole mu sake masa ɗakin gaba ɗaya, mu ƙara masa taga."

Sai ga tela ya leƙo, baki har kunne.

"Ikon Allah! Wai maƙwabci, ku ma kuna jin wani ƙwas-ƙwas da dare?"