Likkafanin Tafin Hannu

Doka ta ce bayan shekara goma, ɗakin bincike ya mayar wa dangi ƙwayoyin jikin mamacinsu. Yau aka kira Inna Kande.

'Yarta Tabawa ta rasu tana shekara shida. Tun sannan da ƙwayoyinta ake gwada sinadaran gano inda jiki ke kasa ƙera furotin, abin da ke gina shi. Inna ta zo da likkafani, bai fi tafin hannu ba.

Hurera, ma'aikaciyar wurin, ta miƙo mata 'yar kwalba. Inna ta zabura.

"'Yar nan, ai da ɗumi!"

"Suna da rai, Inna. Ɗazu ma na ba su abinci. In sun bar nan, ba za su kai la'asar ba."

"To, a bar ta a nan mana."

"Doka ce, Inna."

Inna ta shafa kwalbar. "Tana ci sosai?"

"Sosai."

"Ikon Allah. A hannuna kullum sai da lallashi."

Ta naɗe kwalbar da likkafanin, ta cusa a ƙirjinta, kada ta huce a hanya.