Ɓarɓashin da Maganaɗisu Bai Ja Ba

Tun safe idon Mai Allura na dama yake zubar da ruwa, shi kuwa sai gogewa yake da bayan hannu yana cewa ba komai.

Mai walda ne, jama'a, irin waldar nan mai tsabta da ake haɗa tankuna da bututu masu ƙyalli. Da siririn tsinken wani irin ƙarfe ake yin ta, tangistin sunansa, kuma sai an fiƙe bakinsa a kan dutsen inji kafin wuta ta fita daidai. Shi kuwa bawan Allah in ya fiƙe shi, allurar tela sai ta ji kunya. Daga nan sunan ya bi shi. Ko a gida, matarsa shi take miƙa wa zare ya zura mata. Gilashin kariya yana da shi, amma a goshi yake yini. Wai duk ya kakkarce, ba ya barinsa ganin tsinin, kuma aikin ɗan lokaci ina ruwansa da gilashi.

Ranar da abin ya faru, wani guntun tsinke ya ɗauka, ya yi gajarta har yatsunsa suna shafar dutse. Ya danna. Sai ƙas, bakin tsinken ya ɓalle, wani abu ya soke shi a ido kamar an watsa masa barkono.

To a shagon akwai Dogo, abokin aikinsa, wanda ya rataye maganaɗisun tsohuwar rediyo a bayan ƙofa. Duk mai waldar da ƙarfe ya faɗa wa ido a layin, gunsa yake zuwa, a jawo masa shi. Ya zaunar da Mai Allura a kan kifaffen bokiti.

"Buɗe mana, sarkin raki. Mutum nawa na cire wa kana kallo?"

Ya kai maganaɗisun kusa da idon, ya zagaya, ya goge shi da farin tsumma, ya nuna masa baƙin ɗigo-ɗigo. Ya ce ga mugun nan ya fito.

A gida matarsa ta lura yana kau da fuska daga taga.

"Baban 'yan biyu, don Allah mu je asibiti."

Ya ce Dogo ya cire, shi da kansa ya gani a tsumma. Ta ce to Dogo dai ko ƙaya ba za ta ba shi ya cire mata ba, mutumin da har yanzu bai gyara ƙyauren ɗakinsa ba. Ya yi dariya don ta bar maganar.

Amma abin yana damunsa. In ta shiga madafa, sai ya rufe idon hagu a ɓoye ya dubi ƙofa, ya gan ta dishi-dishi kamar ta cikin tururi. Ya buɗe, ya sake rufewa, ko za ta washe. Asibitin ma tsoronsa yake, kada a ce za a sa masa wuƙa a ido. Ya koma gun Dogo, aka sake zagaya maganaɗisu, aka sake nuna masa ɗigo a tsumma. Kwanaki suka ja, ido ya yi jawur, ya fara kwantsa mai kauri, ciwon yana hawa har tsakiyar kai.

Wata safiya yana share teburin aiki, ya ɗauko maganaɗisun don ya tattara ƙusoshi. Ƙusoshi suka yi tsalle suka manne, garin ƙarfe ya bi su. Guntayen tangistin kuwa suna nan kwance, ko motsi ba su yi ba. Ya ɗora shi a kansu. Ya ɗaga. Suna nan.

Ashe ɗigon da ake nuna masa ƙurar shago ce da ke manne da maganaɗisun kullum. Abin da ya shiga idonsa yana ciki tun ranar farko.

Bai ko wanke hannu ba ya kira matarsa suka tafi asibiti. Likita ta haska idon ta daɗe tana dubawa, ta tambayi yaushe abin ya faru. Da ya faɗa, sai ta ajiye fitilar a hankali. Ta ce ɓarɓashin ya nutse, wurin ya ruɓe, da a ranar ya zo da akwai abin yi. Yanzu sai dai a tsare ciwon kada ya ci gaba.

Idon ya tafi, 'ya'yana. Ya gwada komawa aiki, amma da ido ɗaya ba ya gane tazarar tsinke da ƙarfe, kullum sai ya tsoma shi cikin narkakken wurin ya ɓata aiki. Dogo ya sauke maganaɗisun daga bayan ƙofa, ba ya iya haɗa ido da Mai Allura. A gida kuwa, in matarsa za ta yi ɗinki, juya baya take yi ta zura zarenta da kanta, don kada ya gani.

Ku masu aiki da dutsen inji, gilashi a ido yake tsaro, ba a goshi ba, in ya karce a sake wani. Kuma duk abin da ya faɗa ido, a ranar a kai shi gun likita, kada a bar wa aboki da dabarar shago.