Bindigar da Aka Goge wa Shekaru

Tunda ka ce kai jira ne ba ka iyawa, gyara zama in ba ka labarin wani manomi.

Mutumin nan ya gaji wata tsohuwar bindiga a wajen mahaifinsa, siririya, irin ta harbin fakara da hasbiya, bakinta ko ƙaramin yatsa da ƙyar yake shiga. Duk yankin ba a taɓa ganin irinta ba. Mahaifin ya sha faɗa cewa kakansu ne ya samo ta a hannun wani Bature mai awon hanyar jirgin ƙasa, tukuicin ratsa daji da ya yi da shi tun kafin a shimfiɗa dogo. Da wannan magana ya rayu, da ita ya koma ga Mahaliccinsa. To, ran nan a majalisa sai wani maƙwabci, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho, amma fa akwai shi da ƙarin gishiri. Wannan abar kashe ƙadangarun, jiya-jiyan nan ya sayo ta a kasuwa." Aka kwashe da dariya. Manomin ya tashi ko sallama babu. Da shi aka zaga da ya haɗiye, amma a ce uban da ke kwance a kabari maƙaryaci ne? Tun daga ranar zama ya gagare shi. In ya je gona ba ya kai ƙarshen kunya, in an kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture, ya shiga ɗaki ya ɗauko bindiga, ya jujjuya ta, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Ya rantse ranar taron maharba na shekara, wanda saura kwana tara, zai kai ta gaban jama'a ya wanke sunan ubansa.

Ya saɓa ta sai wajen wani tsohon maƙeri da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gyaran bindigogi. Tsohon ya kwance katakon da ke ƙarƙashin bututun, ya fito da ƙarfen cikin rana. Tsatsa ta yi masa ɓawo, don bindigar ta shekara da shekaru a ɗaki mai yoyo. Ya shafa da babban yatsa, ya daɗe yana ƙura ido, sannan ya nuna masa wani ɗan tabo da bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ce masu ƙera irin wannan a nan suke buga hatiminsu: alamar garin da aka ƙera ta, da alamar an gwada ta, da harafin shekara. Ga gefen guda ya leƙo, sauran suna kwance ƙarƙashin tsatsa. "Jiƙa ta da mai, ka riƙa shafawa da tsumma mai laushi safe da yamma. Wata biyu, ita da kanta za ta faɗi shekarunta. Amma kada ka kankare."

Wata biyu! Manomin ya dawo gida zuciyarsa na tafasa. Kwana uku ya yi yana shafa mai, yana leƙawa kamar mai jin yunwa da tukunya a kan wuta, tsatsa ko gezau. Ga shi kuma a gidansu tsatsa abin kunya ce. Tun suna yara, wuƙa ko lauje in ya yi ja, yashi da lemun tsami ake sa masa har sai ya ɗauki ido. Yaya zai tsaya gaban maharba da bindiga kamar an tono ta daga juji? Rana ta huɗu ya ɗebo yashi, ya yanka lemu, ya duƙufa. Jan ruwa ya riƙa gangarowa ta gwiwar hannunsa, ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ashe maƙerin nan tsufa ne ya sa masa nawa. Inda tsatsa ta yi gardama ya sa magagari. Kafin la'asar ƙarfe ya yi fes, har mutum na ganin fuskarsa. Da gudu-gudu ya koma maƙera, wai ya yi aikin wata biyu a wuni guda, a karanta masa.

Tsohon ya karɓa, ya sa tabarau, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ya bi wurin da yatsa, sumul. Sannan ya dubi manomin ya ce, "Shaidar ubanka a nan take, ɗana, kuma da hannunka ka goge ta. Ni ba zan rantse a kan abin da ban karanta ba."

Ranar taro dai ya kai ta, don ya riga ya rantse. Maƙwabcin ya karɓa, ya ɗaga ta tana walƙiya a rana, ya ce, "Jama'a, ban faɗa muku ba? Sabuwa dal!" Manomin ya rasa abin da zai nuna, ya sunkuyar da kai hawaye na zuba. Shi ya sa Bahaushe ya ce, garin neman gira aka rasa ido.