Wa Ya Nuna Maka 'Yata?

Dutsen guga tela ta maka wa wani baƙo a ƙeya. Ya zube a ƙofar shagonta, hannun 'yarta ya kuɓuce daga nasa. Maƙwabta suka rufe shi da duka.

Ta tura yarinyar bayanta, ta shaƙe wuyan rigarsa.

"Ɓarawon yara! Wane munafuki ya gaya maka sunanta da lokacin da take dawowa? Faɗi, in ga bayansa!"

Ya tofar da jini, ya ɗago da kyar.

"Ke mana, Hajiya. Kullum ita ke tallata ɗinkinki a shafinki na intanet. Jiya har hotonta kika sa da kayan makaranta, a bakin wannan ƙofar. Ni ne ma na fara yaba hoton, har kika yi mini godiya."